Shin "kunya" Rumawa suke nufi da pudicitia?

Tambaya: Malam, ina karatun tarihin Rumawan dā, sai na ci karo da kalmomin Latin guda biyu, virtus da pudicitia. An ce mini ta farko "jarumta" ce, ta biyu kuma "kunya". Haka ne?

Amsa: Ta farkon ba ta da wuya, ko da yake ni "mazantaka" zan zaɓa, domin virtus daga vir ta fito, wato namiji, kamar yadda muka ciro mazantaka daga maza. Su ma a fagen fama suka fara auna ta, kafin daga baya ta faɗaɗa ta koma nagartar hali gaba ɗaya. Mu ma ai mukan ce mace ta yi "namijin ƙoƙari", ba tare da mun ji wani tufka da warwara a maganar ba.

Ta biyun ce take buƙatar natsuwa. Tushenta pudor ne, kuma wannan shi ne ya yi kusa da kunyarmu. Sai dai kunyar Bahaushe tana da faɗi, domin ita ce take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ce kuma take hana suruki sakewa ya ci tuwo a gaban surukansa. Pudicitia ba ruwanta da wannan duka. Tsare jiki ne daga alfasha, musamman ga matar aure 'ya mai 'yanci.

Ka duba aikatau ɗin da kowace kalma take tafiya da shi, za ka ga bakin zaren. Kunya jin ta ake yi, amma mutunci karewa ake yi, ko a zubar, ko wani ya ci maka shi ƙarfi da yaji. Shi ya sa ake cewa mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa. Haka Rumawa suka ɗauki pudicitia. Marubucin tarihinsu Libi ya kawo labarin Lukuretiya, wadda aka tarar tana kaɗin ulu da dare tare da kuyanginta yayin da matan 'ya'yan sarki suke can suna shagali. Ɗan sarki Tarkwiniyus ya yi mata fyaɗe, sai ta kira mahaifinta da mijinta ta faɗa musu, suka ce ba ta da laifi, amma duk da haka ta daɓa wa kanta wuƙa. A ruwayarsu, wannan ne ya jawo kifar da sarauta a shekara ta 509 kafin Miladiyya. Kunyarta ba ta je ko'ina ba. Abin da aka ƙwace mata mutunci ne.

Don haka ka rubuta "mutunci", ko "kamun kai" idan halin ake yabo. Amma ka kula, ma'auninsu ba ɗaya ba ne ga kowa. Dokar zina da Sarki Agustus ya kafa a shekara ta 18 kafin Miladiyya matar aure da kwartonta ta fi kamawa, magidancin da ya kwana da baiwarsa kuwa ba a kiran sa mazinaci, domin bawa ba shi da mutuncin da doka take karewa. Agustus ɗin da kansa ya kori 'yarsa Juliya zuwa tsibirin Fandateriya bisa zargin zina, shekara 16 bayan kafa dokar.