Tambayoyinku: Injin Burodi, Wutar Nepa da Zafin Gari

Tambaya: Malam, ƙanwata ce ta aiko mini da injin yin burodi daga Amurka. Zan iya jona shi kai tsaye? Kuma yaya zan yi da ɗauke wuta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, kada ki jona shi tukuna. Ki juya bayan injin ko ƙasansa, za ki ga wata 'yar takarda a manne. Idan an rubuta 120V, to na wutar Amurka ne, tamu kuwa a Najeriya 230 ce, ta Nijar 220. Kina jona shi zai ƙone. Sauya kan filogi ba ya maganin wannan, sai kin sayi taransifoma mai rage ƙarfin wuta, kuma wadda ta fi ƙarfin injin. Yawancin waɗannan injina suna jan wat 500 zuwa 700 lokacin gashi, don haka ki nemi mai wat 1,000. Wanda aka kawo daga Ingila ba shi da wannan matsala, wutarmu ɗaya, filoginmu ɗaya.

Batun ɗauke wuta shi ne babban ƙalubale. A Japan aka fara sayar da injin nan a 1986, kamfanin da yanzu ake kira Panasonic ne ya fito da shi, kuma an ƙera shi ne don gidan da wuta ba ta ƙiftawa. Burodi na yau da kullum yana cin awa uku zuwa huɗu: injin ya kwaɓa, ya bar kwaɓin ya tashi, ya sake murza shi, sannan ya gasa a kusan awa ɗayan ƙarshe. Da yawansu suna tuna inda suka tsaya idan wuta ta dawo cikin 'yan mintuna, galibi goma ko ƙasa da haka. In ta wuce haka, sun manta.

Shawarata ga wadda ba ta da sola ko inbata mai ƙarfi: ki riƙa amfani da maɓallin da aka rubuta Dough. Kwaɓi kawai yake yi, cikin kamar awa ɗaya da rabi, kuma ba ya shan wuta sosai. Sai ki juye a gwangwani, ki bar shi ya ƙara tashi, ki gasa a obin ɗin gas ko a tukunya da yashi a kan gawayi, yadda ake gasa kek. Wahalar burodi dama a murza take, kuma injin ya ɗauke miki ita. Ƙaramin janareta kuwa, irin na kunna fanka da talabijin, kada ki ɗora masa gashi.

Tambaya: Burodina yana tashi da kyau, amma kafin ya gasu sai tsakiyarsa ta lotsa. Injin ne ya lalace? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Lafiyar injinka ƙalau, Malam. Zafi ne. Littafin da ya zo da shi an rubuta shi ne don ɗaki mai sanyi, kai kuwa kana garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. A irin wannan yanayi yis yana aiki da gaggawa, kwaɓin ya kumbura fiye da ƙima tun injin bai kai lokacin gashi ba, sai ya faɗa. Ka yi amfani da ruwan sanyi maimakon mai ɗumi, ka rage yis da kamar kashi ɗaya cikin huɗu.

Ga ma'aunin da za ka fara da shi: fulawa giram 500, ruwa mililita 300, sukari babban cokali biyu, bota ko man gyaɗa babban cokali biyu, gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, yis cokalin shayi ɗaya. Ruwa da mai su fara shiga, sai fulawa, gishiri a gefe, yis a can sama inda ba zai taɓa gishiri ba. Ka sayi ƙaramin sikeli, don awo da gwangwanin madara yau ya cika gobe ya gaza.

Bayan minti goma da fara kwaɓi, ka ɗaga murfin ka leƙa. Abin da ake so shi ne curi ɗaya mai santsi yana zagaya kwanon, in ka taɓa ya ɗan kama yatsa ya saki. In yana manne wa gefe kamar ƙullun ƙosai, ƙara fulawa cokali ɗaya. In yana farfashewa, injin yana nishi, ƙara ruwa cokali ɗaya. Da hunturu fulawa takan bushe, za ka ga tana neman ƙarin ruwa.

Tambaya: Zan iya zuba kaya da dare in tashi in tarar da burodin kari?

Amsa: Za ka iya, agogon jinkiri na yawancinsu yana kai awa 13. Amma ban da ƙwai da madarar ruwa, don za su lalace kafin asuba. Madarar gari ba laifi in an ɗora ta kan fulawa. Kuma sai in ka tabbata wutar unguwarku za ta kwana.