Yaƙe da murmushi a gaban kyamara

Sani, ka tambaye ni jiya me ya sa hotunan da ka ɗauko a bikin Ƙofar Marusa nan Katsina suka fito tas, haske daidai, amma uwar amarya ta ce mutanen kamar an yi musu dole. Na zauna da hotunan bayan isha'i. Kyamara ba ta da laifi. Bakinka ne, don duk wanda ka tsayar sai ka ce masa "yi murmushi".

In ka faɗa wa mutum haka, haƙora zai ba ka. Leɓe ya ja, ido kuwa na nan a bushe yana jiran ka gama. Yaƙe ke nan, kuma ko yaro yana gane shi. Murmushin da ya taso daga ciki yakan ɗaga kumatu, ya ɗan matse ido, fatar gefensa ta tattare. Wani likita Bafaranshe, Duchenne, ya nuna haka da hotuna a 1862. Ya riƙa ɗosa wa wani tsoho wayar lantarki a fuska, naman wurin ya motsa, a ɗauka. Baki ya buɗe kamar na mai fara'a, ido ya ƙi. Ka ga tun sana'ar nan tamu tana rarrafe aka sa ta wannan aiki. Akwai dai masu iya ƙago shi har a ido, 'yan fim da wasu masu neman ƙuri'a, amma ba su ne ke zuwa shagonmu ba.

Ran hawan Sallah ka tsaya a Ƙofar Soro ka lura da hakimai. Amawali ya rufe baki, ido da gira kawai suka rage, amma in aka zo jafi za ka san wanda ransa ya yi fari da wanda rana ta gallaba.

Saboda haka ka saita komai tukuna, yatsa a kan maɓalli, sannan ka ja mutum da hira. In Banufe ne ka tsokane shi, abokin wasanmu ne mu Katsinawa, zai rama. Sau da yawa hoton da nake sayarwa shi ne wanda na ɗauka bayan mutum ya zaci an gama, ya sauke kafaɗa.

Dattijo kuma ka ƙyale shi da fuskarsa. Ɗaurewar nan ba fushi ba ce, kamala ce, haka yake son jikokinsa su gan shi a bango. Amarya ma in ta sunkuyar da kai kada ka ce ta ɗago, kunya ce, danginta sun fi ka sanin abin da ke fuskarta.

Asabar akwai suna a Daura. Kai za ka riƙe kyamara, ni in riƙe fitila.