Ka nemo sunan ƙauyen tukuna kafin ka tsallaka Jamus

Ɗana, naga saƙonka tun daren jiya, ban amsa bane saboda inaso in zauna in rubuto maka a tsanake. Kace matar nan ta Amurka da ta bamu aikin gano asalin kakan kakanta, abinda ke hannunta kawai sunansa na gida Miller ne, ana kiransa John, ya shiga Amurka wajen 1882, takardar ƙidaya kuma ta rubuta masa Prussia a gurbin wurin haihuwa. Kai kuma ka samu wani Johann Müller a intanet da shekarar haihuwarsa tayi daidai, kana tambayata ko ka haɗa rahoto ka tura mata.

Kar ka tura. Dan Allah kar ka tura.

Müller yana cikin sunayen da suka fi kowanne yawa a ƙasar Jamus, Johann kuwa a wancan zamanin kusan kowane gida akwai shi, to kaga in ka haɗa biyun kace ka gano mutum saboda shekara tayi daidai, kamar ka shiga Kano ne kace kana neman Muhammadu ɗan Abdullahi da aka haifa shekarar fari, wa za'a nuna maka? Kuma wannan 1882 ɗin tana cikin shekarun da Jamusawa suka fi kwarara Amurka, kusan mutum dubu 250 a shekarar kaɗai. Masu wannan sunan a cikinsu ba ɗaya bane ba goma ba.

Abinda nakeso ya zauna maka a kai shine Jamus bata da wani babban littafi guda da aka tara haihuwar kowa a ciki. Ita kanta ƙasar sai 1871 ta haɗe ta zama ɗaya, kafin nan masarautu ne birjik kowacce da sarkinta da dokarta, Prussia, Bavaria, Saxony, Württemberg, Baden, Hesse da sauransu. Rubutun haihuwa da aure da mutuwa a ƙauye ake yinsa, a littafin cocin ƙauyen, kuma har yau ta sunan ƙauyen ake nemansa. In baka da sunan ƙauye baka da komai. Prussia da aka rubuta masa ba adireshi bane, ƙasa ce da ta miƙe tun daga kogin Rhine ta yamma har can gabas inda yanzu yake cikin Poland da Rasha.

Saboda haka aikinka na yanzu a Amurka yake, ba'a Jamus ba. Daga inda mutum ya ƙare ake farowa a riƙa ja baya. Ka koma ƙidayar 1900, ita tana bada wata da shekarar haihuwa da shekarar da mutum ya shigo ƙasar, ta 1890 kar ka wahalar da kanka gobara ta cinye yawancinta a 1921. Ka nemi takardar mutuwarsa, ka nemi hoton dutsen kabarinsa, domin Jamusawan farko da yawa an sassaƙa musu sunan garinsu a jikin dutsen. Ka nemi sanarwar rasuwarsa a jaridun Jamusanci, lokacin garuruwa irinsu Milwaukee da Cincinnati da St. Louis duk suna da jaridu cikin harshen, kuma su sukan faɗi ƙauyen da mamaci ya fito inda jaridar Turanci zata ce Jamus kawai ta wuce. Amma inda nafi samun nasara a shekarun da nayi ina wannan aiki shine littafin cocin da yake zuwa a can Amurka. Faston Bajamushe ne, da Jamusanci yake rubutu, kuma ya saba da yadda ake yi a gida, in zai ɗaura aure ko zai binne mutum sai ya rubuta an haife shi a ƙauye kaza gunduma kaza. Ka tambayi matar cocin da danginta suke zuwa a da, ka tambayeta ko akwai tsohon Littafi Mai Tsarki na gida, a bangonsa suke rubuta haihuwa da mutuwa, ko wasiƙu, ko wani hoto mai tambarin mai ɗaukar hoto a baya.

Takardar zama ɗan ƙasa kar ka ɗora mata rai da yawa, waɗanda akayi kafin 1906 galibi cewa kawai suke ya janye mubaya'arsa daga sarkin Prussia ko sarkin Jamus shikenan, daga ƙarshen 1906 ne fom ɗin ya fara tambayar gari da ranar haihuwa da sunan jirgi.

In shi bai bar komai ba, ka bi ta 'yan uwansa. Mutanen nan basa tafiya su kaɗai, wa ne ke kiran ƙane, maƙwabci ya kira maƙwabci, sai kaga rabin ƙauye guda sun tare a gunduma guda ta Wisconsin ko Ohio. Waye ya tsaya shaida a aurensa, waye ya tsaya wa 'ya'yansa a baftisma, waye maƙwabcinsa a takardar ƙidaya. Na taɓa shafe wata biyu akan wani mutum ban samu ko harafi ba, ƙarshe a sanarwar rasuwar ƙanwarsa sunan ƙauyen ya fito.

Maganar jirgin ruwa kuma. Tunda 1882 ne, in ta New York ya shiga to tashar karɓar baƙi ta Castle Garden ya sauka, ta Ellis Island sai 1892 aka buɗe ta, kuma takardun sauka na lokacin yawanci ƙasa kawai suke rubutawa. Takardar tashi ita ce mai daraja. In ta tashar jirgin ruwa ta Hamburg ya tashi ka dace, jerin fasinjojinsu na 1850 zuwa 1934 yana nan, banda shekarun yaƙin duniya na farko, kuma akwai gurbin garin da mutum yake zaune kafin ya taso, amma ka lura kashi biyu ne, masu tafiya kai tsaye da masu bi ta Ingila su canza jirgi, ka duba dukka biyun. In ta Bremen ya tashi to sai haƙuri, duk da cewa ita tafi ɗaukar mutane, tun 1875 aka fara lalata tsofaffin jerin saboda ƙarancin wurin ajiya, sauran kuma yaƙin duniya na biyu ya tafi dasu, abinda ya tsira mai yawa na 1920 zuwa 1939 ne. Wannan asarar har yau tana min ciwo duk lokacin da aiki ya biyo ta nan.

To ace Allah ya taimaka ka samu sunan ƙauye. Kar ka yi murna da wuri. Na farko Ba'amurken da ya rubuta da kunne ya rubuta, yadda yaji haka ya zuba. Na biyu sunayen garuruwa suna maimaituwa, Neustadt kaɗai akwai su da yawa, kuma kasan ma'anarsa? Sabon Gari. Kai ka faɗa min Sabon Gari nawa ka sani daga Zariya zuwa Kano zuwa Gusau. Anan zaka buɗe Meyers, kundin sunayen garuruwan daular Jamus da aka buga 1912 zuwa 1913, yana intanet kyauta, zai gaya maka gundumar da ƙauyen yake, ko yana da coci, da inda ofishin rajistarsa yake. Wannan na da muhimmanci saboda ƙananan ƙauyuka basu da coci nasu, maƙwabta suke zuwa, littafin kuma da sunan ƙauyen da cocin yake aka ajiye shi. Sannan dole ka san ɗariƙarsa, Katolika ne ko Furotesta, kowa da littafinsa ko da a gari ɗaya suke.

Ofishin rajista na gwamnati, wanda suke kira Standesamt, a Prussia ya fara 1 ga Oktoba 1874, a duk daular kuma 1 ga Janairu 1876, sai yankin yammacin kogin Rhine da Faransawa suka kawo musu tun 1798. Mutuminka da ya tafi da girmansa a 1882 kafin duk wannan aka haife shi, saidai in ɗan wancan yankin ne, don haka littafin coci zaka nufa. Na Furotesta mafi yawa suna shafin intanet na Archion, ana biya, na Katolika da dama suna shafin Matricula kyauta, shafin FamilySearch ma nada hotunan littattafan masu yawa. Ka kuma leƙa shafin CompGen na masu binciken asali a Jamus ko wani ya riga ya haɗa littafin iyalan ƙauyen gaba ɗaya, in akwai zai rage maka tafiya, amma duk abinda ka gani a ciki ka koma ka gani da idonka a ainihin littafin. In kuma kana buƙatar takardun ofishin rajista na 'yan uwan da suka rage a gida, dokarsu tun 2009 ita ce haihuwa sai ta shekara 110, aure 80, mutuwa 30 kafin ta koma gidan adana takardun tarihi kowa ya iya gani, ƙasa da haka sai jinin mutum.

In ƙauyen ya faɗa gabas, Silesia ko Pomerania ko Prussia ta Gabas, to galibi bayan 1945 ya bar hannun Jamus kuma sunansa ya canza, Breslau ta koma Wrocław, Stettin ta koma Szczecin, Königsberg ta koma Kaliningrad, haka ƙananan ƙauyuka ma. Sai ka nemo sabon sunan, littattafan wasu suna gidajen tarihi na Poland wasu an gudu dasu Berlin wasu kuma sun salwanta. Takardun soja na Prussia kuwa wuta ta cinye galibinsu a Potsdam cikin Afrilun 1945, kar kayi wa matar alkawarinsu.

Yanzu ga inda nakeso ka zage damtse, karatun rubutun. Ranar farko da ka buɗe littafin zaka ɗauka kaza ce tayi tonon ƙasa. Tsohon rubutun hannunsu ne, Kurrent, wanda daga baya aka koyar da wani salonsa a makarantu da sunan Sütterlin har aka daina a 1941, Bajamushen yau ma da yawa baya iya karanta wasiƙar kakarsa, kamar ɗan boko ne a gaban ajamin kakansa. Harafin e yana kama da n, h yana kama da f mai dogon wutsiya, s kala biyu ne, u kuma ana ɗora masa ɗan lanƙwasa a kai don a bambanta shi da n. Hanyar da na koya ita zan baka, ka zauna da fasto guda, ka karanta shafi goma na hannunsa, ka zana haruffansa a takarda ɗaya bayan ɗaya daga kalmomin da ka tabbatar, cikin sati zakaga idonka ya buɗe. Na Katolika da Latin ake rubuta yawancinsu, Johann ya koma Joannes. Kuma ka kiyayi watanni, in kaga 7ber Satumba ne ba Yuli ba, 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba, wannan ya kada masu koyo da yawa.

Sunaye kuma kai Bahaushe ne bazasu baka wuya ba. Gida guda sai kaga 'ya'ya maza huɗu duk Johann, Johann Georg, Johann Peter, Johann Adam, da na biyun ake kiransu, kamar dai Muhammadu Sani da Muhammadu Salisu da Muhammadu Rabi'u. Don haka John ɗinka yana iya zama a littafi sunansa biyu ko uku, wanda kuma ake kira Peter a Amurka a littafi Johann ne farkon sunansa. A Westphalia namiji in ya auri mai gadon gona yakan ɗauki sunan gonar ya zama sunan gidansa, a can arewa wajen Ostfriesland kuwa har farkon ƙarni na 19 sunan uba ake liƙa wa ɗa irin yadda muke yi, sunan gida na canzawa daga uba zuwa ɗa. Kuma Miller ba lallai Müller bane, Möller ma yana komawa Miller.

Ranar da ka samu baftismar wani Johann a ƙauyen da ya dace, sai ka juya ka zama abokin gabarsa, kayi ƙoƙarin ƙaryata kanka. Duba gefen sunan ko akwai ɗan gicciye, alamar ya mutu yana yaro, yara suna mutuwa sosai a lokacin kuma akan maida sunan ga ƙanen da ya biyo. Bi littafin mutuwa, bi littafin aure, in ka same shi yayi aure a ƙauyen 1890 yana ta haihuwa to ba naka bane. Naka shine wanda ranar haihuwarsa ta dace da ta Amurka, sunan uwa da uba suka dace, 'yan uwansa suka dace, sannan ya ɓace daga littattafan ƙauyen daidai lokacin tafiya. Wani sa'in ma faston da kansa ya rubuta a gefe cewa ya tafi Amurka, ranar da ka ci karo da irin wannan layin zaka san daɗin sana'ar nan.

Na matsa maka ne saboda matar nan ba takarda take saya ba. Zata buga abinda muka bata ta rataye a falo, ta nuna wa jikokinta, wataƙila ta sayi tikiti taje ta tsaya a ƙofar cocin tana hawaye. In kakan wasu muka bata mun ci amanarta, kuma kuskuren zai bazu a intanet wasu suyi ta kwafa.

Ka rubuta mata yau kace mun samu mai irin sunan amma bamu da hujjar cewa shine, muna buƙatar sunan cocinsu da gundumar da ya rasu da duk wata tsohuwar takarda dake gidan ko da ta yage. Wancan Johann ɗin ka ajiye shi a fayil daban, kar ka goge. Ranar Asabar in ka shigo ka taho da fensir da littafin rubutu, akwai hoton shafin baftisma na 1858 da zamu karanta tare layi layi.