Kwamfutata ta yi nauyi, sai na sayi antibairos?

Tambaya: Malam, kwamfutata mai Windows 11 ta fara nauyi, ga tallace-tallace suna ta faɗowa ko ban taɓa komai ba. An ce min bairos ne, wai in sayi antibairos. Babu yadda zan duba da kaina?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ba sai ka sayi komai ba. Windows 10 da 11 duk suna zuwa da nasu antibairos mai suna Microsoft Defender a cikinsu, kuma ni a ganina ya wadaci yawancin mutane. Danna Start, rubuta Windows Security, ka buɗe, ka shiga Virus & threat protection. Idan ka ga sunan wata manhajar antibairos a shafin, to Defender ya ja da baya ya bar mata aikin ke nan. Idan ka cire ta, yana dawowa.

Kada ka yi gaggawar fara bincike. Haɗa intanet, ka gangara zuwa Protection updates ka danna Check for updates. Kullum ana ƙirƙiro sababbin bairos, kuma wanda Defender bai samu labarinsa ba yana iya wuce shi.

Quick scan yana gamawa cikin 'yan mintuna, domin wuraren da bairos suka fi maƙalewa kawai yake leƙawa, kamar manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar. Tunda kai ka riga ka ga alamu, shiga Scan options ka zaɓi Full scan. Wannan fayil bayan fayil yake bi, yana iya haura awa ɗaya, don haka jona caja ka ƙyale shi.

Wanda mutane suka fi tsallakewa shi ne na ƙasan jerin, wato Offline scan, alhali shi ne maganin masu taurin kai. Akwai bairos da ke tashi tare da Windows su ɓoye kansu, a goge su dawo. Wannan binciken yana kashe kwamfutar ya sake kunna ta, ya yi aikinsa kafin Windows ta tashi, lokacin da ba su da damar ɓuya. Kimanin minti 15 yake ɗauka. Adana aikinka tukuna.

Sakamakon yana cikin Protection history. Abin da aka kama ana killace shi, sai ka danna Remove. Ina roƙonka kada ka danna Allow don kawai fayil ɗin na wata manhajar sata ce da kake so. Ta nan bairos da yawa suke shigowa.

Idan binciken bai ga komai ba amma tallan na nan, duba burauzarka. Sau da yawa wani shafi ne ka ba izinin turo sanarwa ba ka sani ba. Soke izinin a saitin burauzar.

Tambaya daga wata 'yar'uwa: Malam, ni filas (flash drive) nake yawan karɓa daga abokan aikina. Yaya zan duba shi shi kaɗai?

Amsa: Soka shi, amma kada ki buɗe. Shiga This PC, ki danna maɓallin dama na linzami a kansa, ki zaɓi Scan with Microsoft Defender. A Windows 11 sai kin fara danna Show more options za ki gan shi.