Amsa ga Alhaji: Wane Birni Za Ka Fara Sauka a Amurka?

Alhaji, saƙonka ya iso. Ka ce in Allah Ya sa biza ta samu kana son kawo iyali hutu, kuma an cika maka kunne da sunayen birane: Niyok, Washinton, Shikago, Houston, Los Anjalas. Sai ka ƙara da cewa a zaɓa maka inda ba za ku rasa masallaci da tuwo ba, "in har ku na can kuna ci har yanzu". Wannan ƙarin ya ɗan sosa mini rai, zan kuma zo kansa.

Ka fara da Niyok. Ba don ina zaune a Bronx, wani yanki na birnin, nake faɗa ba. Shi ne birnin da baƙo zai yi yawonsa ba tare da mota ba, domin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya tsayawa dare da rana. Da safe ku hau jirgin ruwa ku ga mutum-mutumin 'yanci da Faransa ta ba Amurka a 1886, da yamma ku leƙa Times Square yara su sha kallon fitilu. Masauki kam da tsada, ɗakunan kuma ƙanana ne, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma ka je Harlem, titi na 116, ka shiga kasuwar Malcolm Shabazz. Can aka mayar da 'yan tireda na Afirka ta Yamma a 1994, bayan da hukumar birni ta tashe su daga titi na 125. Cikinsu akwai 'yan Nijar da suka riga yawancinmu zuwa. Ka yi sallama da Hausa a wannan unguwa ka gani ko ba za a amsa ba.

Daga nan Washinton tafiyar kamar awa huɗu ce a mota, akwai kuma jirgin ƙasa. In da yara 'yan makaranta, ba ta da na biyu, saboda gidajen tarihi na Smithsonian kyauta ake shiga. Kada ka tsallake na tarihin baƙaƙen fatar Amurka da aka buɗe a 2016. Ana fara kallo ne daga ƙasan ginin, daga zamanin cinikin bayi, ana hawowa sama. Ni na fito jikina a sanyaye.

Shikago kyakkyawa ce, ga tafkin Michigan, ga abincin halal a titin Devon, sai dai kada ka kuskura ka je da hunturu. Houston akwai 'yan Najeriya da yawa kuma zafinta ba zai ba ka mamaki ba, amma in ba wanda zai riƙa ɗaukarku a mota, a ɗaki hutun zai ƙare. Haka Los Anjalas, ga kuma nisa: kusan awa shida a jirgin sama daga nan. Las Vegas garin caca ne, ban ga abin da zai kai mai iyali can ba.

To, maganar tuwo. Alhaji, muna ci. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya duk ana sayarwa a shagunan Bronx. Mutanen zangon Kumasi da Akara, waɗanda ku a gida kuke yi wa kallon Hausawan rabi, su ne suka riƙe masallatai da makarantun allo na Asabar da Lahadi a nan, mu 'yan Kano da Zariya da Damagaram muka zo muka tarar. Tun 2015 makarantun gwamnati na Niyok ke ba da hutun Sallah, kuma a 2023 aka yarda a ɗaga kiran sallar Juma'a da lasifika ba sai an nemi izini ba. Ranar suna ana yanka rago, sai dai a mayanka ake yi, ba a ƙofar gida ba. In aka yi rasuwa, kafin dare an haɗa kuɗin jana'iza.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarka, tun da labarin auren 'yata ya kai gida. E, baƙar fatar Amurka ta aura. Kakansa ne ya musulunta, uban ya tashi a musulunci, shi kuma yaron yana da izu fiye da nawa. Mun bincika asalinsa kamar yadda za a yi a Kano, manyansa suka zo neman aure, aka yanka sadaki, aka raba goro da alawa. Abin da ya fi mini ciwo shi ne har yau wasu 'yan uwa ba su kira sun yi mana Allah Ya sanya alheri ba, alhali da Balarabe ne da an yi ta guɗa. Marigayiya mahaifiyata Bafulatana ce, kakarka kuma ka san daga Barno aka kawo ta, ba a taɓa cewa gidanmu ya fita daga Hausa ba.

Harshen ne kawai nake jin tsoro a kansa. Jikokina suna ji, amma da Turanci suke mayar da amsa. Duk da haka sukan durƙusa su gaishe ni, kuma uwarsu ba ta yarda su kira babba da gatsal. Muna iya ƙoƙarinmu, ga aiki ba dare ba rana.

Shi ya sa nake roƙo, in kun zo kada ka ga ban raka ku ko'ina ba ka ɗauka wulaƙanci ne. A nan ranar da ba ka fita aiki ba, yawancinmu babu kuɗinta. Zan ɗauki hutun da zan iya, sauran kwanakin ƙanen matata zai zagaya da ku. Ku zo tsakanin Mayu da Yuni ko a Satumba, lokacin ba sanyi ba zafi. Ku ba Niyok mako guda, Washinton kwana uku. Kilishi da dambun nama ku bar su a gida, kwastan ba sa barin nama ya shigo, kuma duk abincin da kuka riƙo ku bayyana shi a filin jirgi. A gaida Hajiya da yara.