Amsa ga Kawu a Daura kan "halas" ɗin Hausawan Sudan

Kawu, Allah ya ja da ranka. Ka tambaye ni me ya sa ba na rufe magana a waya da "shi ke nan" sai da "halas", har kana fargabar ko Hausa ta fara suɓuce mana.

Kalmar ta Larabawa ce, kuma ba baƙuwa ba ce gare ku. Tushenta ɗaya da ihlasi, wato abu ya tsarkaka, ya fita daga duk wani sauran gauraye. Su a maƙogwaro suke furta harafin farko, mu kuma muka sassauta shi, yadda kakanni suka yi wa alheri da hatimi. Mun tsince ta ne a hanya. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, inda garin da ake kira Mai Wurno yake a yau. Wasu kuma niyyar Makka ce ta kawo su, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a yankin Jazira na Sudan bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Mai cin kasuwa da Larabawa dole ya ɗauki kalmar da ke yanke ciniki.

A nan ne ma ta fi aiki. In mai tumatir ya ce halas, ba sauran tayi. Uwa na faɗa wa yaro mai rigima. Dattawa in sun sasanta ma'aurata, da ita suke tashi, kuma duk wanda ya sake tono maganar shi ne mai laifi. "Na gama" aiki kawai take rufewa, "halas" har bakin mutum take rufewa.

Amma Kawu, akwai inda ba ta shiga, kuma shi nake so ka riƙe. Yaro in ya kai ƙarshen izu sittin, a gidajenmu sauka muke cewa, ko da maƙwabta na kiran adon allon sharafa, mu zayyana muka sani. Tsoho in ya rasu, cewa muke ya cika. Ban taɓa jin an yi wa mamaci halas ba, kuma da yaro zai faɗa a gaban kakarsa, sai ta tsawata masa.

A gaishe da Inna da mutanen gida.