Me zai sa mutane su sake ɗaga kai su dubi sama?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Daura. In na kawo zancen binciken sararin samaniya, sai ɗalibai su ce wannan aikin masu ƙoshi ne. Shin ƙarancin talla ne ya kashe sha'awar, kuma ta yaya za a farfaɗo da ita?

Amsa: Malam, talla na da nata laifin, amma ɗalibanka ba su yi ƙarya duka ba. Ko a Amurka sha'awar ba ta daɗe ba. A Yulin 1969 duniya ta tsaya cak tana kallon Neil Armstrong yana taka wata. Kafin shekara ta zagayo, manyan gidajen talabijin na can ba su ma nuna hirar 'yan sama jannatin Apollo 13 kai tsaye ba, sai da kumbon ya samu matsala. An tallata abin a matsayin tsere da Tarayyar Sobiyat, da aka ci tsere kowa ya watse.

Mu kuwa namu kuskuren daban ne. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, a 1999, aka harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, a 2011 aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyinmu suka haɗa a Ingila. Bakatsine nawa ya san haka? Labarin yakan tsaya a Turanci, a taron Abuja. Manomin da ke jiran hasashen damina a rediyo, da direban da ke bin taswira a waya, duk tauraron ɗan'adam ke musu aiki, ba wanda ya gaya musu.

Ni a ganina, ka fara da abin da mutanenmu ke kallo tun tuni. Ranar 29 ga Sha'aban ana fita duban wata bayan magariba. Tsofaffi sun san taurarin Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata, wadda ba tauraruwa ba ce, duniyar Zuhura ce. Wanda ya ga husufin rana na Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi har kaji suka nufi akurki, bai manta ba. Ka kuma ba su labarin Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, don su daina cewa ilimin na Turawa ne.

Sannan ka nemo na'urar hangen nesa, ko ƙarama ce, ko ta aro. Ka kafa ta a filin makaranta in wata ya kwana bakwai, lokacin ne inuwa ke fito da ramukansa sarai. Na sha ganin yaro ya leƙa, ya ja da baya, ya duba bakin na'urar ko an manna hoto ne. Ka bar su su ɗauka da waya su tura wa 'yan gida a WhatsApp, ka gayyato iyaye da liman zama na gaba.